Baƙon da ya cinye lambun Bappa Hammanjoda

Bana shekara hamsin da ɗaya ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa. Sunansa Hammanjoda, amma duk garinmu Mbamba Bappa ake ce masa, har mu 'ya'yansa muka bi bakin mutane. Na daɗe ina so in rubuta wannan, ina fasawa. Abin da ya faru a watan jiya ne ya sa na ɗauki biro.

Tun kafin 'yancin kai yake da lambu a bakin fadama: tsamiya, yakuwa, citta, da rumfar inabi guda ɗaya wadda ya samo reshenta wajen wani falke a tashar jirgin ruwa ta Jimeta. Da waɗannan muke haɗa abin sha mai sanyi, marar sa maye, a manyan randuna. Dada, mahaifiyarmu, ke tacewa, ni da ƙannena muna wanke kwalabe. Duk wanda ya shigo ƙarƙashin rumfar nan sai Bappa ya ce masa jaɓɓama, wato maraba da Fulatanci, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ya sha kafin ya tambayi abin da ya kawo shi.

Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, aka turo ma'aikata da yawa garinmu. Cikinsu akwai wani saurayi da bai sami masauki ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa ba su yi mini komai ba. Bappa ya ba shi ɗakin zaure. Wata takwas yana cin tuwon Dada. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ni na riƙa dama masa kunu, ina 'yar shekara sha bakwai. Kullum da yamma yakan zaga lambu yana yaba shi, yana tambayar iyakarsa daga ina zuwa ina, Bappa kuwa yana nuna masa da sandarsa.

Bayan saurayin ya tashi daga gidanmu da wata uku, sai ga masu awo da turaku, da takarda mai hatimi wai za a yi aikin jama'a a wurin. Shi ne a gabansu, sanye da hular da Bappa ya ba shi da Sallah. Ya ce, "Bappa, umarni ne daga sama, ba yadda zan yi." A gabanmu aka sare rumfar. Ba a yi aikin kowa ba. Kafin shekara ta zagayo ya gina gidansa a wurin.

Bappa bai kai ƙara ba, ko Allah ya isa bai ce ba. Da yake awon ya haɗa har da gidanmu, muka koma haya a unguwar Jambutu, ya daina magana sai kaɗan, abinci ma sai an matsa masa. Damina biyu ya ƙara ya rasu. Likita ya faɗi sunan wata cuta, ni dai na san abin da ya kashe ubana.

Ranar sarar nan Dada ta ɓoye reshe ɗaya a cikin zanenta, ta dasa shi a fasasshiyar tukunya. Daga shi muka yi ta dashe har yau. Jikata Aisatu ce ta farfaɗo da sana'ar bayan ta gama jami'a. Tana da shago a unguwar Bekaji, da firiji, da 'yan keke masu kai kaya gidajen biki, kuma ta ajiye benci a ƙofa don duk wanda rana ta doka ya zauna ya sha kyauta. Nakan tambayi kaina me Bappa zai ce in ya ga ana odar tsamiyarsa ta waya. Ina jin dariya zai yi, sannan ya ɗanɗana ya ce citta ta yi yawa.

A watan jiya wata mata ta zo shagon tana nemana. 'Yar mutumin nan ce. Aisatu ta zaunar da ita, ta kawo mata abin sha, ban hana ba. Matar ta durƙusa ta ce, "Mama, babanmu jiki ya ƙi, ɓarin jikinsa ya shanye. Sunanku kawai yake kira."

Na je. Na shiga ƙofar da ke daidai inda randunanmu suke a da. Na same shi kwance, ya zama ƙashi da fata, yawu na zuba. Da ƙyar ya ce, "Mairama, ki yafe mini."

Na ce, "Wanda ka cuta yana maƙabarta, ban zo da wakilcinsa ba. Nawa kason kuwa, da na Dada da ta mutu a gidan haya, ban yafe ba."

Ya yi kuka. Na tsaya na kalle shi sosai, ban ɗauke ido ba, sai da na ƙoshi sannan na fito. Alhaki kwikwiyo ne, in ji Hausawa, mai shi yake bi. Wannan ya fi shekara hamsin yana tafe, na gode Allah da ya bar ni na ga isowarsa.

A keke Aisatu ta ce, "Kaka, da Bappa ne da ya yafe." Gaskiya ta faɗa, kuma malamai ma sun gaya mini ladan mai yafiya. Amma na ga abin da haɗiye baƙin ciki ya yi wa ubana, na kuwa wanke tufafinsa da suka yi masa yawa.

Yau idan na auna abin da ya rage na Bappa, sai in ga an raba mana gado biyu. Sakin fuskarsa da hannunsa na haɗi sun tafi wajen Aisatu, kuma sun dace da ita. Ni kuma na ɗauki fushin da ya ƙi yi. Allah ya jiƙan Bappa, ya sanyaya makwancinsa. Ni da mutumin nan kuwa sai gaban Allah, kuma ban gaji da jira ba.