Marsandin Likitan Shanu

Duk wanda ya zauna Azare a shekarun tamanin ya san Malam Obadiya, ko da bai san sunansa ba. Likitan shanu ake ce masa. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bogoro, can kudancin Bauchi. Gwamnati ce ta turo shi ofishin dabbobi yana saurayi, ya sauka da akwatin ƙarfe da Littafi Mai Tsarki da niyyar ya ɗan taɓa aiki ya koma gida. Taɓawar nan ita ce har ya yi furfura. Ni Mamman tela, shagona yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Gajere ne kakkaura, maganarsa a hankali kamar mai auna gishiri. Fillanci kuwa ya zauna a bakinsa har ya fi ni, ni da kakata Bafillatana ce. Babu rugar da babur ɗinsa bai shiga ba daga Disina har Katagum. Aibinsa ɗaya, komai na duniya saniya ne a wurinsa. In zai sayi kujera sai ya ɗaga ƙafarta ya leƙa. Ranar da na sayo sabon keken ɗinki ya zagaya shi, ya shafa bayansa, ya ce, “Ƙashi mai kyau, Mamman.”

Matarsa Dinatu, da muke kira Maman Joan, mace ce mai dariya da ƙarfi, har a shago nakan jiyo ta. Wata shekara suna dawowa daga biki a Katagum, yashi ya kwashe babur ɗin, ta faɗi a kan ƙugunta. An yi ɗori, ƙashin ya kama a karkace. Tana iya zagaya tsakar gida da sanda, amma ba ta iya zama a takure. Sau ɗaya suka gwada motar haya, irin Fijon da ake cusa mutum huɗu a baya, a Misau aka sauke ta tana kuka. Tun daga nan ba ta sake zuwa gida ba.

A can ƙauyensu na Bogoro kuwa akwai mahaifiyarta, Kaka Abigel, wadda tsufa ya zaunar, idonta kuma ya tafi. Duk wanda ya zo daga Bogoro saƙonta ɗaya yake kawowa: a gaya wa Dinatu ta zo in shafa fuskarta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Malam Obadiya bai taɓa cewa laifinsa ne ba, amma duk ranar da saƙon ya zo sai ya fito ya zauna a bencina har la'asar. Ina jin tausayinsa ƙwarai.

Da ya yi ritaya a farkon shekarun casa'in, sai ya sa wa ransa mota. Abin da ya mallaka shanu biyu ne da abokinsa Jalo yake yi masa kiwo. Fijo ba ta taɓuwa, don direbobin haya rububinta suke yi ko ta tsufa. Bitil kuwa ko yaro ba zai miƙe ƙafa a bayanta ba. Abin da yake nema mota ce mai faɗin kujerar baya, mai laushin tafiya, wadda mace za ta kwanta a ciki. Irin wannan sai motar manya, ita kuwa motar manya idan ta tsufa babu mai sonta, shi ya sa take araha.

A ƙofar gidan marigayi Alhaji Babayo, wani tsohon mai fataucin fata, akwai wata Marsandi ruwan toka da ta daɗe a gindin darbejiya. Tayoyinta sun zauna, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Na raka shi ganinta don in hana shi, ba don in taya shi ba. Ya zagaya ta a hankali. Ya durƙusa ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta, ya danna bayanta ya saki yana kallon yadda take dawowa. Daga nan ya buɗe ƙofar baya, ya cire takalmi, ya shiga ya kwanta a kan kujerar, dattijo da furfurarsa, mutane suna wucewa suna kallo. Ya daɗe a kwance kafin ya fito.

“Tsufa ne kawai, Mamman,” ya ce. “Ba ta da cuta.”

Hajiya Yelwa, matar marigayin, ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ta ce masu sayen kayan gyara sun zo ba sau ɗaya ba, ta kore su, don ba za a feɗe motar Alhaji tana raye ba.

“Kai me za ka yi da ita, Malam?”

Ya gaya mata komai, har da Misau. Hajiya ta ja carbinta, sannan ta tambaye shi abin da yake da shi. Ya ce kuɗin shanu biyu.

“Allah ya sa albarka, na sallama maka,” ta ce. “Amma ka sani, motar nan tana da jama'a.”

Murna ba ta bar shi ya tambayi wace jama'a ba. Ba ita kaɗai ya manta bai tambaya ba. Da aka turo motar garejin Maikuɗi bakanike, ya wanke kafireto, ya sa batir, ta tashi da wani gurnani mai daɗi, sai Maikuɗi ya goge hannu ya ce, “Malam, ka duba ƙashi, ka duba fata. Ka tambayi cinta?” Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa Fulani kada su sayi saniyar da ba za su iya ciyarwa ba, ga shi ya yi tsuru-tsuru. Na yi masa dariya har da hawaye, ban kuma ji kunya ba.

Gyara ya ci watanni, ana jiran kaya daga Kano ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama damina ta sauka, hanyar ƙauyensu Dinatu kuwa rafuffuka ne babu gada. Aka tsayar da tafiya sai Kirsimeti. Maikuɗi ya ce kada a bar ta a tsaye, a riƙa fita da ita ta saba da hanya. Saboda haka duk ranar kasuwa Malam Obadiya yakan bi hanyar Jama'are ya duba dabbobin masu kiransa, Maman Joan tana kishingiɗe a baya a kan matasai, tana shan iskar da ta daɗe ba ta sha ba.

Fitarsu ta farko suka gane maganar Hajiya. Ashe marigayi Alhaji Babayo bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba a ranar kasuwa, bai kuma taɓa karɓar ko kwabo ba. Mutanen ƙauyukan bakin kogi suna hango hancin motar sai suka fara sauke kaya daga ka. Malam Obadiya ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga hannu ya wuce wata tsohuwa mai ƙwaryar kuɓewa. Maman Joan ta leƙa ta baya ta ga tsohuwar tsaye, baki buɗe.

“Baban Joan, koma.”

“Mai fa, Maman Joan? Kin san cinta.”

“Na san ciwon ƙafa. Koma ka ɗauko ta.”

Tsohuwar ita ce Iya Kellu, Babarbariya mai baki kamar reza. Tana shiga gaba ta shafa kujera, ta yi wa Alhaji addu'a, sannan ta juya ta ce wa sabon mai motar ai ta ɗauka motar ta canza hali. Daga ranar abin ya zama jiki. Yakan dawo yana ƙunƙuni, wai ya sayi mota ya samu dangi, Marsandi tana warin daddawa da busasshen kifi. Kuɗi ba sa bayarwa, don Alhaji bai saba musu ba, amma a ƙarƙashin kujera sai a tsinci ƙwan zabi, ko albasa, ko ƙullin kuka. Ni dai na lura ƙunƙunin a baki ya tsaya, don ranar kasuwa tun da hantsi yake goge gilashi.

Lokacin kaka ya yi, rafuffuka suka janye, sai man fetur ya ɓace daga ƙasar. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya bukatar bayani. Layin gidan mai ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa, 'yan bumburutu suna sayar da galan a kuɗin da ɗan fansho ba zai ko taya ba. Malam Obadiya ya tura motar layi ya yi ta jira, ya samu abin da ba zai kai shi ko Darazo ba. Ana cikin haka wani malamin makaranta ya zo daga Bogoro ya ce Kaka Abigel ta rage cin abinci, saƙonta ma yanzu a hankali take faɗarsa. Dariyar Maman Joan ta ɗauke. Motar tana ƙofar gida a goge, ƙashi mai kyau, tanki babu komai. Raina ya ɓaci har na daina tsokanarsa.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, Marsandi ba ta fita ba. Ran nan da hantsi sai ga Iya Kellu da wasu mata a ƙofar gidan, da ƙwaryar fura a lulluɓe, irin ta zuwa dubiya.

“Malam, mun ji shiru ne. Jikin motar ne, ko naka?”

Ya ce kowa lafiya, mai ne babu. Da a nan zai tsaya, don shi ba mai kai kuka ba ne. Amma matan sun shige wurin Maman Joan, mata kuwa ba sa rabuwa ba su ji ƙarshen zance ba. Da Iya Kellu ta fito ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

“Haba Malam. In ɗiya za ta gidan miji ana gayya a yi gudummawa, balle wadda za ta ga uwarta? Ka mai da mu baƙi ke nan.”

Ba ta jira amsa ba ta wuce. Na ce a raina, me masu kuɓewa za su iya da fetur? Na manta cewa mazajensu da 'ya'yansu su ne masu lambu a fadamar kogin Jama'are, kowa da ɗan injin ban ruwa, kowa da ɗan man da yake lallaɓawa don tumatir da albasa. Ranar kasuwa ta gaba suka fara isowa. Wani da kwalbar lemo an toshe ta da totuwa, wani da gwangwanin man gyaɗa, wani da rabin galan ɗaure a bayan keke. Kowace kwalba lambun wani ne da zai yini da ƙishi. Jalo ba shi da inji, sai ya sayar da ɗan akuya ya shiga wurin 'yan bumburutu. Hajiya Yelwa ta aiko da mazurarin Alhaji da tsumman tacewa. Maikuɗi yana tacewa yana zubawa, Malam Obadiya yana tsaye yana karɓar hannun mutane. Maman Joan tana zaune a bakin ƙofa tana tambayar kowa sunansa.

Aka cika tanki, sauran aka jera a bayan motar. Ni aka ce in bi su, wai ko za a bukaci mai turi. Ba a bukace ni ba. Tsohuwar motar nan ta kama titi kamar jiya ta bar shi, ramuka tana haɗiye su ba a ji. Da muka zo Misau na waiwaya, na ga Maman Joan ta yi barci a kan matasanta. Na taɓa Malam Obadiya na nuna masa. Ya kalli madubi, ya share ido da bayan hannu, ya ci gaba da tuƙi.

Mun isa da yamma, yaran ƙauye suna bin mu a guje. Kaka Abigel tana kan tabarma a jikin bango, 'yar mitsitsiya, an lulluɓe ta da zane. Dinatu ta jefar da sanda ta zube a gabanta. Tsohuwar ta ɗago hannuwa biyu ta bi goshi, ta bi ido, ta bi kumatu, ta sake komowa goshi. Can sai ta ja hanci ta faɗi wani abu da yarensu, gidan duka ya fashe da dariya ana kuka. Malam Obadiya ya raɗa mini, “Wai me ya sa 'yarta take warin fetur.”

Dinatu ta riƙe hannun uwarta ta gaya mata inda fetur ɗin ya fito. Tsohuwar ta ce a faɗa mata sunayensu. Dinatu ta fara: Kellu, Jalo, Yelwa, Maikuɗi, da sauran masu lambu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Duk sunan da ta kira, Kaka Abigel sai ta maimaita shi da bakinta da bai saba da irin sunayen ba, ta sa masa albarka, sannan ta ce na gaba. Aka kawo tuwo aka ajiye, har ya huce ba a gama ba.