Yakuwata da Tattabarun Maƙwabci

Ni dai ba faɗa ya kai ni Masar ba. Jami'armu ce ta tura mu Alƙahira zango ɗaya mu karanci ci gaba mai ɗorewa, wato yadda za a ci yau ba tare da an cinye rabon jikoki ba. Malamar da ke kula da mu Bamisiriya ce, ba ta son dogon surutu. Tun ranar farko ta ce kowa ya yi aikin da ido zai gani, ita za ta zo da ƙafarta ta duba a ƙarshen zango. Wanda aikinsa ya rushe kuwa, zangonsa ya tashi a banza, in ya koma gida ya maimaita shekara.

Na sami masauki a unguwar Abbasiya, wajen 'yan uwanmu masu karatun addini. Gida cike da masu alwala, ruwa yana ta zurarewa a banza. Nan dabara ta zo mini. Na riƙa tare ruwan alwalar a baho, ina hawa da shi saman bene, inda na jera bokitai na shuka yakuwa da alayyahu da kuɓewa, irin da na zo da shi daga gida. Benen nan dogo ne, kuma ƙafa ce kawai ke kai mutum sama. Na sha wuya, amma da yakuwar ta buɗe ganye, wallahi har hira nake yi da ita.

A saman benen da ke manne da namu akwai wani dattijo mai tumbi, ya kafa hasumiyar katako ta tattabaru. Kullum la'asar sai ya hau, ya sake su, yana kaɗa tuta yana fito. Su kuwa in sun gaji da shawagi, sai su sauka a lambuna su yi walima. Na yi masa magana da ladabi, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri. Na sake, ya ce ma'alish. Da na ga ma'alish ba ta tsiro da ganye, na sayo raga na lulluɓe bokitan.

Saura makonni kaɗan malama ta zo, wata rana na dawo daga aji na hau da ruwa. Ragar nan an keta ta da wuƙa daga wannan gefe zuwa wancan. An tsige ganyen tas, har ƙasar bokitan an tone, sai kashi fari-fari ko'ina. Dattijon yana zaune a hasumiyarsa yana shan shayi.

Na kira shi baffa da Larabcinsu, na ce, "Ya ammu, wa ya yanka mini raga?"

Ya ce shi ne. Ƙafar tsuntsunsa ce ta maƙale, kuma a ganinsa tsuntsu ɗaya ya fi ciyawata duka. Ciyawa! Ya ƙara da cewa in ganye nake so, kasuwa cike take da shi. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

Na sauko. Abokin ɗakina, wani Bamaraɗe mai sanyin hali, ya zaunar da ni yana jawo mini ayoyin haƙuri.

Na ce, "Malam, ajiye wa'azin nan sai Juma'a. Ka daɗe a unguwar nan, gaya mini abin da dattijon nan ya fi so a duniya."

Bawan Allah bai san abin da nake ƙullawa ba. Ya ce akwai wani baƙin namiji mai farin wuya, shi ke jan garken, dattijon ya fi ji da shi a kan 'ya'yansa. Ya kuma gaya mini dokar masu tattabarun garin: tsuntsun da ya sauka a rufinka ka kama shi, ya zama naka, ko hukuma ba a kai wa ƙara. Wasan ke nan. Shi kansa dattijon ya sha kame na wani mai gyaran babur da ke tsallaken titi, har ba sa ga maciji.

To, abin da dattijo bai sani ba, ni a cikin tattabaru na tashi. Na je kasuwa na zaɓo mace mai kyau, na sa ta a keji a tsakiyar bokitaina. Na ɗebo geron da na zo da shi don kunu, na barbaɗa masa ɗan gishiri, na kafa kwando da sanda da igiya. Na laɓe bayan tankin ruwa, rana na gasa ni, kwana da kwanaki. Sauran suna sauka su ci, ina ƙyale su. Ranar da mai farin wuyan ya sauko yana kumbura ƙirji yana zagaya kejin, na bari sai da ya shige ƙarƙashin kwandon sosai, na fizge igiya.

Kafin magariba dattijo yana ƙofarmu, babu dariya. Yau ni ne "ya ustaz". Na ce masa ya rufe garkensa har malama ta zo. In lambuna ya tsallake, ya karɓi abinsa. Ya rantse ya rufe su.

Na sake shuka. Amma ƙasa ba ta san sauri ba. Ranar da malama ta hawo benen tana haki, abin da ta tarar tsirrai ne da ba su kai tsawon yatsa ba. Na kwashe labari na gaya mata. Ta saurara, ta ce ta tausaya mini, amma aikin da tsuntsu zai rusa a yini ɗaya ba a kiran sa mai ɗorewa. Ta sauka, shekarata ta bi ta.

Ko ƙurarta ba ta kwanta ba dattijo ya leƙo ta katanga, hannu a miƙe. Na ce masa sharaɗi bai cika ba. Na ɗauki kejin a gabansa na sauka. Bamaraɗen ya biyo ni har bakin titi yana cewa, "Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah, mutumin nan tsoho ne." Na ce da yana yanka ragar ai da tsufansa ya yanka. Na tsallaka na miƙa wa mai gyaran babur tsuntsun da macen, kyauta. Mutumin nan ya rungume ni da hannunsa na baƙin mai, ya fige wa namijin gashin fiffike don ya zauna ya saba.

Na maimaita shekarar, abokan ajina suka fita suka bar ni, kuma ta yi mini ciwo. Amma masu cewa ramuwa ba ta da daɗi ba su ɗanɗana ba ne. La'asar ɗin da zan tafi filin jirgi in bar Alƙahira, na hango mai farin wuya a kan hasumiyar mai babur, yana gyara wa matarsa gashi da baki. Can tsallake dattijo yana tsaye yana kaɗa tuta, yana fito har muryarsa ta dushe. Tsuntsun ko waiwaye bai yi ba.