Sista Dudu Mai Duban Ƙafa

Duk wanda ya san marigayiya Sista Dudu ta ƙaramin asibitin unguwarmu, nan Ƙofar Ran, ya san ba ta fara kallon fuskar mutum. Kai kana sallama, ita idonta na kan ƙafarka. "Fuska maƙaryaciya ce," in ji ta, "ƙafa ce ba ta iya munafunci." Kwas aka tura ta na mako biyu kan ciwon suga, ta dawo mana da wannan larura, kuma har ta koma ga Allah ba ta warke ba.

A can aka ba ta wani siririn tsinken roba na taɓa tafin ƙafa, don a gane ko mai suga yana ji ko ƙafar ta fara mutuwa. Ta sa aka ɗinka masa kube na fata, ta rataya a wuya sai ka ce laya.

Ko a wurin kwas ɗin ma ba ta bar mutane sun sha iska ba. Malamin ya kwashe awa uku yana zagin zaƙi, ana tashi hutu sai ga akwatin lemon kwalba da cincin. Dudu ta je ta zauna daram a kan akwatin.

"Malam, ko dai karatunka ƙarya ne, ko kashe mu aka zo yi. Zaɓi ɗaya."

Ruwan leda suka sha har aka gama. A motar dawowa ko tari ta yi ba mai ce mata sannu.

Wata shekara masu bincike suka zo daga jami'a, wai suna auna yadda ake kula da masu suga. Ina kan bencin masu suga a ranar, ni ma ciwon nake da shi. Wani likita ɗan gaye, takalmi na ƙyalli, ya buɗe takarda.

"Hajiya, sau nawa kike duba ƙafar marasa lafiya?"

"Cire takalminka."

"A'a, ni lafiyata lau, bincike na zo yi."

"Ni ma shi zan yi. Cire!"

Bawan Allah ya cire. Innalillahi! Safa a huje, babban yatsa ya leƙo yana gaishe mu. Ta zaro tsinke ta bi tafin tsaf, sannan ta ce, "Rubuta: ƙafa lafiya, safa a ba ta gado. Ka ƙara da cewa ni kaɗai aka koya wa aikin nan, in na mutu sai ku tura akwatin lemon ya duba su." Wallahi ya rubuta. Ba a jima ba aka tura ma'aikata biyu kwas, Dudu ta bi su har bakin keke mai ƙafa uku tana gargaɗi kan cincin.

Ni kuwa faɗanmu da ita ba ya ƙirguwa. Ta gwada jinina, ta miƙo min na'urar.

"Nawa ya nuna?" na ce.

"Karanta."

"Kin san ban yi boko ba."

"To jinin naki ne ko nawa, Ladi?"

Don haushinta kawai na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki uku. Ranar da na karanta lambar da kaina na jira yabo. Sai ta ce, "Madalla. Yanzu kin ga da idonki kunun da kike cewa ba ki sha ba."

Babbar abokiyar gabarta lalle ce, wai yana ɓoye ciwo. Bikin autata na ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai na yi ƙunshi. Na yi, baƙi wuluk har idon sawu. Ana tsakar kamu, ga dangin ango sun cika gida, sai na ji an cafke min ƙafa ta ƙarƙashin zani.

"Dudu, ki ji tsoron Allah, gaban surukai?"

"Surukan za su ara miki ƙafa?"

Ta taɓa da tsinke. Ban ji ba. Ta sake taɓawa. Shiru. Ta sa ruwa ta goge wurin, ashe ƙaramar ƙusa ce ta shige diddigena, har ya fara ruwa, ni kuwa ina ta rawa a kai. Da ashobin a jikina ta tusa ni a keke. Likita ya ce da an ƙara kwanaki, sai dai a yi maganar yanka. Wata biyu tana zuwa gidana wankin ciwo, kullum da zagi, ko sau ɗaya ba ta bari na yi godiya ba.

Ranar da ta rasu ina cikin matan da suka yi mata wanka. Da muka zo kan ƙafa sai na tsinci kaina ina buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina leƙawa. Lafiya ƙalau suke. A nan kuka ya ƙwace min.

Da ƙafata biyu na tako gida, yatsu goma cif. Ya Allah, baiwarka Dudu ta tsare mana dugaduganmu a duniya. Ka yafe mata kurakuranta, Ka tabbatar da nata a kan Siraɗi. Amin.