Duk Laifin Banɗaki Ne

A gidan hayar nan kowa Buroshi yake ce mata, har yara, kuma ba ta jin haushi. Mai kitso ce, hannunta da sauri, amma in ka leƙa ba ka gan ta da kan wata tsakanin gwiwoyinta ba, to tana banɗaki tana dirza. Ita ta kafa dokar sheƙa ruwan zafi kafin a tsuguna. Ita ta taɓa bin matar tela har ƙofar ɗaki da tsintsiya, don ta fito ba ta kora ruwa ba.

Ba tsabar ƙyanƙyami ba ne. Ciwon sanyi ne ya hana ta sakat tun shekarar aurenta: mara ta yi ta murɗa, ga ruwa mai wari, fitsari kamar an zuba barkono. Ta sha magani ya lafa, kafin ta gama hamdala ya dawo. Ciki kuwa, abin da take kwana tana tashi da roƙonsa, shiru kake ji. Mijinta, mai shagon kayan famfo, shi ya gano mata mai laifi.

"Banɗakin haya ne," in ji shi. "Wa ya san abin da matan gidan nan ke ɗauke da shi?"

Kai, miji na gari! Ya gina mata nata a bayan ɗaki, da farin tayil da kwaɗo. Sanyi ya dawo. Ya ce masan ne jabu, ya fasa ya sa wani. Sanyi ya sake dawowa, ya ce tankin ruwa ne. Masu zuwa kitso sai sun leƙa su ce, "Wallahi kin dace da miji." Ita ma haka take gani. Asibiti ne kawai bai taɓa raka ta ba. Duk ranar da malamar jinya ta ce a zo da shi, ranar kaya ke isowa shago. Mutumin da ko ciwon kai ba ya yi, me zai kai shi layin mata? La'asar na yi kuma sai ya fesa turare ya tafi duba wani aiki. Famfunan wasu gidajen, ikon Allah, ba sa lalacewa sai mutum ya yi wanka.

Ana nan sai ciki ya shiga. Buroshi ta yi murna har ta yi wa mata kitso kyauta. Bai kai ko'ina ba, wata rana da hantsi tana tsaka da tsagar kitso ta kife a tabarma. Matar telar nan ce ta kinkime ta zuwa asibiti.

Ta farfaɗo da ɗinki a mara. Likitar ta ja kujera ta yi mata bayani: cikin a hanyar ƙwai ya maƙale, bai isa mahaifa ba, don daɗaɗɗen ciwo ya ƙuntata hanyar. Sun cire ta. Saura ɗaya.

"A banɗaki na ɗauka, likita."

"Wannan ba a banɗaki ake ɗaukarsa ba, a shimfiɗa ne. Namiji yakan yi yawo da shi bai ji komai ba. Kina shan magani, ana dawo miki da shi."

Ta yi kukan cikin. Da ta tuna matan da ta zaga shekara da shekaru, kunya ta rufe ta.

Da azahar sai ga maigidan da uwarsa, da ledar lemo.

"Sannu 'yar nan," in ji tsohuwar.

"Kada ki damu," ya ce. "Na yi magana da lebura, gobe za a tone bututun gaba ɗaya."

Buroshi ta ɗauko ƙwayoyin da likita ta bayar dominsa, ta miƙa masa da kofin ruwa.

"Maigida, naka ne."

"Nawa? Ni da nake lafiya ƙalau?"

"Hanya ɗaya ta rage mini. Ko ka haɗiye yanzu a gaban Mama, ko daga nan gidanmu zan wuce da abata."

Ya yi wuƙi-wuƙi, ya juya wajen uwarsa yana jiran ta tsawata wa yarinya marar kunya. Tsohuwar ba ta ko ɗago ba, ɓawon lemo take ɓarewa.

"Karɓi ka sha, kai," ta ce. "Ubanka ma sai da ya sha kafin in same ka."