Irin Ramar da Kaka Ta Raba wa Maƙwabta

Jiya jikata ta sayo ganyen rama a kasuwa nan Gusau za ta yi mana kwaɗo. Kafin ta zuba a tukunya na miƙa hannu na tsinki ɗaya na tauna. Ta yi dariya, wai Hajiya ko wankewa ba a yi ba. Na ƙyale ta. Tun ina 'yar shekara tara ba a dafa rama a gabana ban fara jin tsaminta a harshe ba, kuma ku zauna ku ji dalili.

A hannun Kaka na tashi, wadda ta haifi mahaifiyata, a wani ƙauye gefen Bungudu. Duk yankin nan babu wanda ya kai ta sanin rama. Ganyen mu ci, karan ta jiƙa shi a rafi har ya ruɓe, ta ɓare, ta zauna tana murza igiya a cinyarta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Igiyarta ko bijimi ba ya tsinka ta. Kuma al'adar matan garinmu ce, idan kika samu iri mai kyau ba kya shuka shi ke kaɗai. Sai kin ƙulla wa maƙwabta a ƙyalle, ko da ƙwaya biyar ne.

Autanta, Kawu, yana koyon ɗinki a Sabon Garin Gusau. Farkon wata damina ya zo da wasu 'yan ƙwayoyi a gidan ashana, ya ce ramar Kurmi ce, zarenta ya fi namu ƙarfi, a shuka masa a bayan ɗaki. Kaka ta ji daɗi ƙwarai. Ta shuka rabi jikin danga, ta zuba kashin awaki, sauran ta ƙulla wa gida uku.

Abu ya fito kore shar, ganye yatsu-yatsu kamar na rama. Ni ce mai tsinko ganyen miya, don haka ni na fara tauna shi. Babu tsami ko kaɗan, sai wani wari da ke manne wa hannu. Na faɗa wa Kaka, ta ce yaushe na taɓa zuwa Kurmi da zan san yadda ramarsu take. Ta hana a taɓa, wai sai ya yi iri.

Shi ko Kawu, da bai fi zuwa sau ɗaya a wata ba, ya koma kowace Juma'a yana gida. Zai zagaya bayan ɗaki, ya fito da aljihu a cike. Idonsa ya yi ja. Ya cinye tuwon mutum uku, ya zauna yana dariya shi kaɗai, ga tari. Rigar da ya ɗinka mini, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kaka ta ce iska ce, ta yi ta neman masa rubutu.

Da gero ya fara fitar da kai, ƙanin Kaka ya zo daga Tsafe. Tsohon soja ne, ya yi yaƙi a Kudu. Ko ruwa bai gama sha ba ta ja shi bayan ɗaki don ya ga abin alfaharinta. Ya tsaya, ya murza ganye, ya sansana. Sannan ya juyo wajenta.

"Yaya, wa ya ba ki wanga iri?"

"Auta na. Ka gani ko? Ta wuce ni tsawo."

"Wanga ba rama ba ta. Wiwi ta. Ita yaron ga ka sha, ita ta juya mai kai. In hukuma ta ishe ta nan, wanda ya kawo ta sai ya yi furfura a gidan yari."

Kaka ta zauna a ƙasa, ita da ko tabarma sai an kakkaɓe mata. Can ta ce, "Na raba ma gida ukku."

Nan fa magana take. In ta yi shiru, abin yana can yana girma a gidajen mutane, wata rana wani mai ido zai gani, a bi sawu har kan Kawu. In ta faɗi gaskiya, kafin la'asar gari ya ɗauka.

Ta yafa mayafi, ta ɗora mini kwando a kai, muka fita da rana tsaka. Kowane gida muka shiga, magana ɗaya take yi: ita ta sayi irin a hannun wani baƙo ranar kasuwa, idonta ya fara mutuwa, an cuce ta, ciyawa ce mai kashe awaki. Ta tsuguna ta tuge da hannunta. A gida na biyu wata tsohuwa, abokiyar wasanta, ta tafa hannu.

"Yau ga sarauniyar rama ba ta san rama ba! A'a, tsufa ya yi halinshi."

Kaka ta yi murmushi ta ce, "Ya yi, ƙawa." Ta sauke mini kwandon, ta ci gaba da tugewa.

Ta so ta ƙone, sojan ya hana, ya ce hayaƙin zai tona mu. A salga muka zuba duka. Da Kawu ya zo ranar Juma'a ya zagaya bayan ɗaki, ƙasa ya tarar a share. Ba ta zage shi ba. Ƙullin kayansa ta miƙa masa, ta ce kawunsa, sojan nan, yana jiransa a Tsafe, akwai gona. An ce watannin farko ba ya barci, yana ta faɗa da kowa. Sai da ya yi damina biyu kafin hankalinsa ya dawo daidai. Tarin kam bai bar shi ba har yau.

Har Kaka ta mutu, mata suna tsokanarta da ramar Kurmi. Sun daina karɓar iri a hannunta. Ba ta taɓa gyara zancen ba.

Yanzu abin ba ya ɓuya a bayan ɗaki. In na fita awon hawan jini ina jin warinsa a bakin tasha, yara ƙanana ke sha, wasu ko gemu ba su fara ba. Ana kama su, iyaye mata su yi ta zarya, wasu kuma a asibitin masu taɓin hankali ake zuwa dubo su. Ni dai na gode Allah, namu an tsamo shi da wuri.

Kawu yana nan da ransa a Tsafe, da kekensa na ɗinki da jikoki cike da gida. Da Sallar da ta wuce na zauna a ƙofar shagonsa, wani saurayi ya zo wucewa da jan ido. Kawu ya kira shi, ya ce ɗana taimaki tsoho ka zura mini zare a allura, ba na gani. Yaron ya zauna yana ta fama, Kawu yana tambayarsa ɗan gidan wane ne, me yake sana'a, ko yana son koyon ɗinki. Da yaron ya ce zai dawo gobe ya tafi, Kawu ya ɗauki allurar ya zura zarensa tashi ɗaya.