Kunyar Kawu Ba-Zama

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ban taɓa ganin ya gama cin abinci a zaune ba. Zai kai loma, ya miƙe ya leƙa awaki, ya dawo, ya tuna bai rufe rumbu ba. Shi ya sa kowa ke ce masa Ba-Zama. Matarsa kaɗai ke iya zaunar da shi, da harara ɗaya. Tun da ta rasu abin ya ta'azzara, har ni da nake kai masa abinci nakan ji kamar in ɗaure shi a jikin kujera.

Marigayiya ta bar masa wani irin dankali da ta zo da shi daga gidan iyayenta, jan ɓawo, cikinsa fari, mai gari. Duk rani Kawu yana rainon rassansa a bakin rijiya har ruwa ya sauka. 'Ya'yansa kuwa, da yanzu su ke riƙe da garma, sun gaji da shi. Wai ba ya cika buhu.

Ana nan sai malamin gona ya kawo wa ƙungiyar manoma sababbin iri uku, ya ce a gwada su tare da tsohon iri a gona ɗaya. Aka zaɓi gonar Kawu saboda tana bakin hanya. Kowane iri da kunyoyinsa, noma ɗaya, taki ɗaya, ban da son kai. In an haƙa a auna, a dafa a ɗanɗana, wanda ya yi nasara shi za a yaɗa. Babban ɗansa ya ce, "Baba, in na Inna ya faɗi, mun daina ɓata masa ƙasa." Kawu ya ce ya yarda, yana faɗa yana neman takalminsa.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Safe gona, rana gona, yamma gona. Ya cusa yatsa cikin kunya ya ji ko ta fara ƙunsa, ya mayar da ƙasa, ya koma ta gaba. Wata safiya na tarar da shi da kwandon kashin kaji yana binnewa a kunyoyin marigayiya.

"Kawu! Ba an ce ban da son kai ba?"

"Ke, rufa min asiri. Ɗan taimako ne kawai."

"Wannan kunya za ta ba ka kunya."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi, ya ci gaba da zubawa.

Ganye kuwa ya yi ganye. Yaɗon ya haye kunyoyin maƙwabta, kore shar, masu wucewa suna tsayawa kallo. Kawu sai kumbura yake yi.

Ranar haƙa aka kafa ma'auni a ƙarƙashin bishiya. Sababbin iri suka fito manya-manya. Da aka zo kan na marigayiya, sai aka yi ta jawo wasu sirara kamar yatsun hannu. Duk ƙarfin ya tafi ganye. Malamin gona ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya dubi Kawu, ya ce a hankali, "Baba, dankali ba ya son a cika masa gata." Raina ya ɓaci, na rasa wa zan ji wa haushi, shi ko ni da na yi shiru.

Saura ɗanɗano. Mata suka feraye, suka dafa kowane iri a tukunyarsa, aka zuba a kwanoni huɗu ba suna. Kowa ya ɗanɗana ya ajiye tsakuwa gaban wanda ya fi masa daɗi. Kawu ya bugi ƙirji, ya ce ko da ido rufe zai gane na uwar 'ya'yansa. Biyu masu jan ciki ne, ya wuce su. Saura farare biyu. Ya ci wannan, ya ci wancan, ya kuskure baki, ya sake. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, tsakuwa na jiƙewa a tafinsa. Can ya ajiye ta gaban kwanon ƙarshe.

Malamin gona ya bayyana sunayen. Kwanon da Kawu ya zaɓa sabon iri ne. Na marigayiya shi ne na kusa da shi, kuma nan tsakuwar mata ta taru tsibi. Ƙungiya dai ta ɗauki sabon iri saboda yawa, amma kafin a watse mata sun shiga gonar da wuƙaƙe suna yankar rassa, kowa na cewa za ta dasa a bayan ɗakinta. Rassa kuwa ga su nan birjik, albarkacin kashin kaji.

Na waiwaya ban ga Kawu yana zirga-zirga ba. Yana zaune a kan kunyar da aka haƙe, kwanon dankalin marigayiya a cinyarsa, yana ci a hankali. Tausayinsa ya kama ni, na je na tsuguna kusa da shi.

"Kawu, ai ga shi bai ɓata ba."

Bai ɗago ba. "Shekara da shekaru ina cewa daɗin dankalin ne," in ji shi. "Ashe hannunta ne."

Ya zauna har ya cinye.