Yayen Sajida

Lailatu Abdoul tana aiki a wani ɗakin bincike a Libreville, babban birnin Gabon, inda ake auna jinin yaran da aka yi wa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. A unguwar Nkembo aka haife ta. Mahaifinta ya zo daga Damagaram da sana'ar sayar da yadi, ya rasu a nan, mahaifiyarta Inna Mariam kuma ta koma gida Nijar. Lailatu ta zauna ta ƙarasa karatu, ta auri wani ɗan kasuwa mutumin Garwa, suka tare a unguwar Alibandeng. Ta haura arba'in, Allah bai ba ta haihuwa ba.

Aikinta mai son natsuwa ne. Ana kawo mata jinin yara a 'yan ƙananan kwalabe. Takan sa su a injin da ke juya su da ƙarfi har wani ruwa mai kalar ɗorawa ya taso sama. A cikin wannan ruwan ake neman ƙwayoyin garkuwar da jiki ya ƙera bayan allura. Takan ɗiga shi a wani farantin roba mai ƙananan ramuka jere, ta wanke, ta ƙara magani, ta jira. Ramin da garkuwarsa ta yi yawa sai launinsa ya yi ƙarfi, wanda ba komai kuma ya zauna fayau kamar ruwan famfo. Daga nan na'ura ta karanta ƙarfin launin.

Babu sunan kowa a jikin kwalaben, sai lamba. Da gangan aka yi haka. Wasu yaran sabuwar allurar aka yi musu, wasu kuma wata allurar ce daban don a kwatanta, kuma iyaye da masu awo duk ba su san wa ya samu wacce ba sai an kammala binciken.

Cikin waɗannan yara akwai Sajida, 'yar ƙaninta Abdulƙahar, mai ɗaukar kaya da mota daga tashar jiragen ruwa ta Port Môle zuwa kasuwa. Matarsa Najiba ce ta kai yarinyar da kanta aka sa ta a binciken, bayan ɗan maƙwabciyarsu ya kwanta asibiti har aka ƙara masa jini. Tun ranar Lailatu ta faɗa wa shugabarta cewa tana da 'yar uwa a cikin yaran.

Rigimar ta taso ne da Sajida ta isa yaye. A gidansu, kaka ce ke yaye jika. Haka aka yi wa Lailatu, haka aka yi wa Abdulƙahar, an ɗauke su daga Libreville an kai su Damagaram. Inna Mariam ta aiko cewa a kawo mata yarinya, ga wata maƙwabciya za ta taho gida, sai ta riƙo ta. Lokacin kuwa damina ta sauka a Nijar, wato lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara gida-gida, kuma ƙauyen da Inna ke zuwa noma da nisa yake da likita. A Libreville ma akwai sauro duk shekara, amma a nan masu binciken na duba Sajida da zarar jikinta ya yi zafi.

Wata Lahadi da rana Abdulƙahar da Najiba suka zo Alibandeng. Najiba ta jira aka gama cin abinci kafin ta buɗe baki.

"Yaya, abu ɗaya muke so. Ki duba mana jinin Sajida. In allurar gaske aka yi mata kuma ta kama, sai mu ba Inna da kwanciyar hankali."

"Ban san wanne ne nata ba," in ji Lailatu.

Abdulƙahar ya yi dariya. "Ke da kike leƙa jinin rabin Nkembo, na 'yar ƙaninki ne ya ɓace miki? Ni kwalin kifi ɗari zan ɗauko daga jirgi, in gaya miki mai kowanne."

"Kwalinka da suna a jiki, malam direba."

Najiba ba ta yi dariya ba. Ta ce ta san ranar da aka ɗebi jinin, kuma yara kaɗan ne suka zo ranar saboda ruwan sama. In Yaya ta duba na ranar, ai za ta iya cankowa.

Gaskiya ne, kuma Lailatu ta san gaskiya ne. Ni da muke unguwa ɗaya da ita, ta gaya mini cewa washegari ta tsaya gaban firigon sanyin da ake ajiye kwalaben, hannunta a kan murfi, ta daɗe ba ta buɗe ba. Abu biyu suka hana ta. In ta canko ta faɗa, ta ɓata aikin da iyaye da yawa suka ba da jinin 'ya'yansu dominsa. Na biyun ya fi damunta: ko da ramin Sajida ya fi kowanne launi, wannan ba ya nufin zazzaɓi ba zai kama ta ba. Abin da ake binciken ke nan tun farko, a gane yawan garkuwar da ke kare yaro da kuma tsawon lokacin da take yi kafin ta ragu. Ta ga yaran da awonsu ya yi kyau a wasu binciken, amma suka kwanta. In ta ce wa Najiba "ta kama", za a tura yarinyar ƙauye da damina a kan maganarta.

Ta je wajen abokin aikinta Hammadi ta roƙe shi ya karɓi duk kwalaben makon da aka ɗebi jinin Sajida, ita ta ɗauki nasa.

Da Najiba ta ji, ta daina ɗaga wayarta. Abdulƙahar ya ce aikin Nasara ya shiga kan yayarsa har ya fi mata jininta. Ana cikin haka maƙwabciyar mai tafiya gida ta sa rana.

Lailatu ce ta kira Inna da kanta, ta bidiyo, a gaban su biyun a ɗakinsu na Nkembo.

"Inna, a bar Sajida har damina ta wuce."

"An gaya mini an yi mata allurar palu, zazzaɓin nan na sauro. To tsoron me ake?"

"Ba mu san ko ita aka yi mata ba. Ko ita ce, ba mu san iyakar ƙarfinta ba tukuna."

"To me kuke aunawa kullum a labo, ɗakin binciken naku?"

"Shi muke aunawa, Inna. Ba mu gama ba."

Inna ta ce yaye ba ya jiran bature ya gama lissafi. Yarinya ta yi haƙora, tana cizon uwarta, kuma ba a yaye yaro a ɗakin da yake jin ƙamshin nono.

"To a kawo ta ɗakina," in ji Lailatu. "Ni zan yaye ta."

Ba wanda ya taɓa kawo wannan shawara, don ba wanda yake son ya taɓo mata maganar haihuwa.

"Ke?" in ji Inna. "Kin iya dama kunun yaye?"

"Sai ki koya mini."

"Za ta yi miki kuka har maƙwabta su kira 'yan sanda."

"Mijina ma yana minshari, ba su kira ba."

Najiba ce ta fara dariya, tana share ido da bakin mayafi. Inna ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tambaya ko ana samun gero mai kyau a kasuwar Mont-Bouët, ta ce kada a sa tsamiya da yawa.

An kai Sajida Alibandeng ranar wata Juma'a, da buhun kayanta da gidan sauronta. Ta yi kukan da aka ce za ta yi, har ta ƙara. Lailatu ta ɗauki hutu, ta koyi goyo da tawul, sau biyu kunun yana kama ƙasan tukunya. Najiba takan zo ta tsaya a bakin layi inda yarinyar ba za ta gan ta ba, Lailatu ta fito ta ba ta labarin abin da aka ci da abin da aka zubar.

Da na je gidan, Sajida tana zaune a tabarma tana shan kunu da ludayi, rabi a baki rabi a riga. Inna ta ce a kawo mata ita da rani, kuma Lailatu ta ce ita za ta kai ta.